Idon Injin Tur da Ruwan Maƙeri

Ni tun ina ƙarami ba na yarda da abu sai na taɓa shi da hannuna, kuma ko na taɓa sai na koma na sake dubawa. Mutane suna ce mini mai baƙin zargi, ni kuwa ban taɓa jin haushi ba, don wannan halin ne ya sa anka damƙa mini injin tur, wato injin fere ƙarfe, a garajin wani proje na raya ƙasa a Keita. Shekarun da sunka biyo bayan babban fari ke nan, lokacin da ake jera duwatsu ana tare ruwa, ana dasa itace a kan fako. Buldoza da tarakta suna aiki cikin dutse, kullum sai wani ƙarfe ya karye, in kuma ka ce a jira piyes, wato ƙarfen canji, daga Yamai, sai damina ta zo ta wuce kana jira. Shi ya sa anka kawo mana tur daga ƙasar Turawa don mu riƙa fere abinmu da kanmu. A can ya tsufa, a wurinmu kuwa har daga Buza ana zuwa kallonsa.

Ba irin tur ɗin da na koya a Maraɗi ba ne, wanda kake murɗa hannu kana aunawa da ido. Wannan lambobi kake buga masa a jikin wani akwati, shi ya ja wuƙarsa da kansa. Moter biyu ke jan wuƙar, ɗaya a tsawon ƙarfe, ɗaya a faɗinsa. A bayan kowane moter akwai ɗan gwangwani wanda Baturen da ya kafa injin ya ce sunansa koder, mu kuwa ido muke ce masa. A ciki faifan gilashi ne mai zane sirara kamar gashi, da ɗan ampul yana haska shi. In moter ya juya, idon ya ƙirga zanen da sunka wuce ya aika wa akwatin ta waya. Da wannan ƙirga inji ke sanin inda wuƙarsa take. In ƙirgar ta ɓata shi bai sani ba, sai ya ci gaba da yanka inda bai kamata ba, da ƙarfinsa kuma.

Shekarar farko lafiya lau. Sai a bazarar shekara ta biyu ya fara iskanci. Ina cikin fere sandar ƙafar tarakta sai in ga wuƙa ta yi ɗan tsalle, in auna in tarar ta ci fiye da abin da na buga. Wani lokaci jar fitila ta kama, komai ya tsaya cik. In kashe in kunna, ya yi aiki kamar bai taɓa laifi ba, sai na saki jiki ya sake. Ƙarfen da yake ɓata mini kuwa ba a kan hanya ake tsintarsa ba.

Mai gurup na fara zarga, wato mai kula da injin da ke ba mu wuta. Na daɗe ina ganin idonsa a kan duron gazuwal, man da gurup ke sha, na ce ƙila yana surka shi da wani abu, wuta tana hawa tana sauka. Na tsaya a kansa ina auna wutar har ya rantse mini da abin da zai kashe shi, wuta kuwa daidai take. Sai na koma kan ɓera, na bi wayar ido daga moter har akwati ina murza ta da yatsa, ban ga inda haƙori ya taɓa ba. Na buɗe gwangwanin, na goge gilashin da auduga ina riƙe numfashi, na sake ampul, na ɗaure ƴar haɗin da ke tsakanin moter da ido ko ta saki. A banza. Daga nan na ce to Bature ne ya sayar mana da ruɓaɓɓen ido. Na cire idon tsawo na mayar a faɗi, na faɗi na mayar a tsawo, na ce in ciwon ya bi idon to na kama ɓarawona. Ciwo ya zauna inda yake, a gefen tsawo, gefen da wayarsa ta fi nisa. Kai, ran nan ko abinci ban ci ba don takaici.

Ni ina zargin waya da gilashi, ashe mutanen garaji sun riga sun sami nasu mai laifin.

Akwai wani maƙeri a cikinmu, dattijo, mutumin wani ƙauye a kan dutse wajen Buza. Shi ke gyara diga da shebur na masu jera duwatsu, yana da ɗan tanderunsa a kusurwar garaji. Gidansu Azna ne, ubansa ma shi ke yi wa garinsu yanka a gindin dutse in za a yi shuka. Shi kuwa ya musulunta da gemunsa, yana salla, yana azumi. Ba ya da yawan magana, in ka gaishe shi ya amsa, in ba ka gaishe shi ba bai damu ba. Ni Baba nake ce masa, yana ce mini mai inji.

Wanda ya fara ɗaga maganar tsohon direban kamyo ne, wato babbar mota, shi ke ja mana salla a garaji, don haka in ya yi magana ana saurare. Muna shan shayi a inuwar kamyo ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Mai inji, kai da kake da ido, ba ka lura da komi ba?"

Na ce, "Na mi fa, Malam?"

"Yaushe injinka ya fi hauka? In maƙeri shina gari, ko in ya fita?"

Na buɗe baki zan ce masa ya bar wannan zance, sai na ga wallahi gaskiya ya faɗa. Ana tura maƙeri daji lokaci-lokaci ya yi ƴan kwanaki wurin masu diga. Duk fitar da ya yi, injin sai ya ƙara lalacewa, har in kasa gama piyes ɗaya. In ya dawo, kafin a jima sai ya lafa. Ni da nake taƙama da lura, direba ne ya riga ni gani.

Ya ce, "To ƙara da wannan. Ka taɓa ganin shi ga famfo shina alwala tare da mu? Kullum sai ya ɗauki buta da bokiti ya zagaya bayan bango, daidai bayan injinka. Mi yake zubawa can? Ɗan wa ne shi? Ya ɗaure injin ne, don a san ba a iya yi sai da shi."

Maganar famfo gaskiya ce ita ma. A ƙarshen damina anka kafa mana famfo a bakin ƙofar garaji, anka zuba siminti, anka yi rumfar zana ta salla. Kowa ya koma can. Maƙeri kaɗai ne ake gani sai an tada iƙama ya fito daga bayan bango da ɗanyen ruwa a fuska, ya shiga ƙarshen sahu.

Kafin ka ce mi, zance ya cika garaji. Wani ya tuna ya taɓa ganinsa yana kallon injin yana motsa baki. Wani ya ce tunda ya ci goronsa cikinsa ke murɗawa. Mai gurup, wanda na gama wulaƙantawa, shi ya fi kowa zaƙewa, don ya sami inda zai sauke nasa kayan. Masu walda sunka daina aron guduma a wurinsa. Daga ƙarshe sunka taru sunka je wurin shef.

Shef ɗin garaji mutumin Yamai ne, ya yi karatu mai zurfi, bai yarda da ɗaurin inji ba ko kaɗan. Amma mutum ne mai son zaman lafiyar kansa. Ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya ce, "Ni na san zancen banza ne. To amma damina ta ƙarato, taraktoci na zube, mutane sun ce ba su aiki da matsafi. In ba ka gano ciwon nan ba kafin ruwa ya sauka, sallamar shi zan yi. Mutum ɗaya ya fi sauƙin rasawa da garaji duka."

Na fito raina a ɓace. In an kori dattijon nan, ba korar aiki ba ce kawai, kora ce da sunan tsafi, kuma wannan suna zai riga shi isa duk inda ya nufa a ƙasarmu ta Adar. Amma ba zan ɓoye ba, ni ma zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Tsafi dai ban sa shi a lissafi ba, sai dai na ce mutumin da ke zagayawa bayan bango shi kaɗai, a daidai inda wayoyina suke, dole akwai abin da yake taɓawa.

Da azahar ta yi na bar mutane sunka nufi famfo, ni kuwa na bi ta bayan tarin tsoffin tayoyi na laɓe. Rana tana dukan ƙeya, ƙasa ta bushe ƙamas ko'ina, in ban da wani ɗan wuri a gindin bango da ya yi duhu don laima. Can maƙeri ya tsuguna a kan dutse. Ya yi bisimilla, ya wanke hannu, ya kurkure baki. A hankali yake yi, yana tsayawa kamar mai tuna abin da ke biye. Da ya zo ƙafa sai da ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya gama ya tuttular da sauran ruwan bokitin da yake tsoma ƙarfe mai zafi a wurin, ya miƙe. Ni ina jira in ga laya ko ƙaho ko jinin kaza, alwala kawai na gani.

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Mai inji, fito, kunama na cikin tayoyin nan."

Kunya ta rufe ni. Na fito ina kakkaɓe wando na ce, "Baba, don Allah mi ya hana ka yin alwala ga famfo awa kowa?"

Ya daɗe yana kallon butarsa. Sa'annan ya ce, "Da can, da muna yi nan mu duka, kowa na sauri, ba mai kallon wani. Can ga famfo kuwa zaune ake a jere. In na wanke hannu wani ya ce ban kai gwiwa ba. In na shafi kai wani ya ce ba haka ba ne. Yaran da na haifa ma malamaina ne. Ran nan wani ya ce a bar ni, Azne ko ya shekara cikin rijiya ba ya da tsarki, anka yi dariya. To na ga nan ya fi mini."

Tausayi da haushi sunka taso mini lokaci ɗaya, sai na sunkuyar da kai. Sunkuyawar nan ce ta sa na ga wata waya kore da rawaya ta fito ta wani ɗan rami a bango, ta gangaro ta kama kan wani turken ƙarfe da ya ɗan leƙo daga ƙasa, a tsakiyar wurin da ya jiƙe. Wayar ƙasa ce ta injina. Na san da ita, Baturen ya nuna mini ranar da ya kafa, amma ban taɓa kawo ta a raina ba, don ba ta ɗauke da wutar da ke tuƙa komai.

Nan take abin ya faɗo mini. Saƙon da ido ke aikawa ɗan ƙarami ne ƙwarai, kamar raɗa. A garaji kuwa masu walda suna ta tartsatsi wuni guda, gurup na ruri, duk wannan yana watsa ƙazamar wuta cikin wayoyi. Rigar ƙarfen da ke lulluɓe da wayar ido ita ke kwashe wannan ƙazanta ta zubar a ƙasa ta wannan turke. Amma busasshiyar ƙasa ba ta shan wuta. Shekarar farko alwalar garaji duka a kan turken take zuba, ba wanda ya sani. Da anka koma famfo, ruwan dattijo ɗaya ya rage yana riƙe da shi. In ya fita daji ƙasa ta bushe, ƙazantar ta shiga ƙirga, inji ya ga zanen da babu.

Ban yarda da kaina ba sai na gwada. Na roƙe shi ya matsa can gefe da alwalarsa. Wuri na bushewa inji ya haukace. Na ɗebo ruwa bokiti-bokiti na kwarara a gindin turken, na koma na kunna, ya fere mini ƙarfe sumul. Na sake bari ya bushe, ya sake ɓatawa. Wayyo, daɗin da na ji! Na ruga biro na gaya wa shef, ya dafe kai yana dariya, ya ce in yi duk abin da ya kamata.

Abin da ya kamata kuwa sananne ne ga duk wanda ya koyi aikin wuta. Da na tone turken na tarar ko kamu biyu bai kai ba, ashe ya ci karo da dutse anka yanke shi anka rufe. Sai na sa anka haƙa rami da diga har ƙirji, na samo tsohon ragiyaton mota na jan ƙarfe na ɗaura masa waya mai kauri. Saura gawayi da gishiri, don su ke riƙe laima su buɗe wa wuta hanya. Gishiri na saya a kasuwa. Gawayi kuwa a duk garaji mutum ɗaya ke da shi, buhu-buhu, na ƙirya mai kyau.

Da na tambayi maƙeri sai ya ce, "Mai inji, biɗi gawayinka wani wuri."

Na ce, "Haba Baba, ga shi a gabanmu? Ai don kai ake yin aikin nan."

Ya dube ni. Ya ɗauki buhu a ka ya kai bakin ramin, kuma da yake mutum ne da ba ya iya tsayawa yana kallo ana aiki, shi ya shiga ciki yana shimfiɗa gawayin, ina miƙa masa gishiri yana barbaɗawa. Munka rufe, munka kwarara ruwa. Da na ɗaga kai sai na ga mutanen garaji jere a ƙarshen bango suna kallonmu.

Inji ya warke, warkewa ta gaskiya. Anka tura maƙeri daji ya yi kwanakinsa ya dawo, jar fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Na tara mutane a gaban injin, shef na tsaye, na yi musu bayani tiryan-tiryan. Na nuna musu guntun turken. Na ce ba tsafi ba ne, ruwan alwalar dattijon nan ne ma ya riƙe mana injin, ba don shi ba da tuni ya tsaya.

Tsohon direba ya gyaɗa kai ya dubi sauran. Ya ce, "To kun ji da bakin mai inji. Ruwan shi ne ke riƙe da shi. Mu mi munka ce?"

Na ce, "Malam, ruwan kowa ne! Ko jaki ya yi fitsari wurin, aikin ɗaya ne!"

Ya ce, "A'a, kar ka yi zafi. Mun gani da idonmu. An haƙa rami bayan bango, shi ya shiga da ƙafarshi, ya binne gawayin maƙera da gishiri, inji ya tashi. Ni na girme ka, na san sunan wannan aikin. Ya ga asiri ya tonu ne ya kwance abin shi. Kai kuwa yaro ne, ya yi aiki da hannunka ba ka sani ba."

Mai gurup ya ce, "Ƙwarai kuwa!"

Fushi ya kama ni. Na ce su zo in buɗe musu littafin injin su ga hoton ramin, sunka ce Bature ma ai yana da nasa. Na ce gobe in haƙa wani ramin a gidan direba da gawayin matarsa, anka ce in ji tsoron Allah. Shef ya ɗaga hannu ya ce magana ta ƙare, inji na aiki, ba wanda za a kora, kowa ya koma bakin aikinsa. A wurinsa shi ke nan an gama.

Da la'asar maƙeri ya ɗauki butarsa, bai zagaya baya ba, ya nufi famfo. Ya zauna a tsakiyar mutane ya yi alwalarsa a hankali yadda ya saba. Wannan karon ba wanda ya gyara masa komai, na kusa da shi ma tashi sunka yi da sauran ruwa a hannu. Anka tada salla ya shiga sahu, sai na damansa ya ja jiki, na hagunsa ya koma baya. Na tsallaka na tsaya kusa da shi na haɗa kafaɗata da tasa, amma ɗaya gefen nasa haka ya zauna wayam har anka sallame.

Bayan salla ya koma kusurwarsa ya kashe wutar tanderu. Ya tattara guduma da awartaki da zuga, waɗanda dama nasa ne ya zo da su, ya ɗaure cikin buhu. Na bi shi har bakin ƙofa ina magiya.

Na ce, "Baba, shef ya ce ba a kore ka ba. Ka yi haƙuri, za su manta."

Ya ce, "Da can zato suke yi, mai inji. Yanzu sun gani da ido."

"To ina za ka? Gida?"

Ya gyara buhun a kafaɗa. Ya ce, "Wane gida? Ran da na fara salla ubana ya fitar da ƙwaryata daga cikin nasu. Can ni ne wanda ya bar su. Na ɗauka nan na iso."

Ya tsaya a bakin hanya yana duban gabas da yamma, ya daɗe bai zaɓi ko ɗaya ba. Wata motar kasuwa ta taho daga wajen Tawa ya ɗaga mata hannu, ko tambayar inda ta nufa bai yi ba ya hau.